Kurakuran da aka fi yi a sanarwar mako ta makarantar firamaren Katolika, da yadda ake gyara su

A Tawa, kamar a Yamai da Maradi da Damagaram, yawancin yaran da ke zaune a azuzuwan makarantun mishan ƴaƴan Musulmi ne, kuma hakan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne. Saboda haka takardar da makaranta ke aika wa iyaye kowane mako tana shiga gidaje iri biyu. Akwai gidan Kirista, wanda sau da yawa asalinsa daga Benin ko Togo ko Burkina Faso ko Najeriya yake, inda ake jiran jin ranar katekisim, wato darasin addinin Katolika, da ranar Misa, wato babbar ibadar coci. Akwai kuma gidan Musulmi, inda uba ya kai ɗansa lakwal domin ya yarda da ingancin karatun, amma yana so ya san abin da ake yi da yaron a duk lokacin da aka ambaci addu'a. Yawancin kurakuran da ake yi suna tasowa ne daga rubuta takardar tamkar gida ɗaya ne kawai zai karanta ta.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne faɗin "dukan yara" a cikin sanarwar da ta shafi ibada. Malami zai rubuta cewa ranar Laraba dukan yara za su hallara domin Misar buɗe shekara, alhali abin da yake nufi shi ne yaran Katolika za su shiga coci, sauran kuma za su zauna a aji. Shi ya san abin da yake nufi, amma uban da ya karanta takardar a rumfarsa ta kasuwa bai sani ba, kuma kafin gari ya waye maganar ta zagaya unguwa da ƙarin gishiri. Gyaran ba shi da wuya. Duk sanarwar ibada ta faɗi su wane ne ake gayyata, ta faɗi inda sauran yaran za su kasance, da malamin da zai zauna da su, da abin da za su yi a wannan sa'ar. Jimla biyu sun isa (CE1 aji uku ne, CM2 kuma aji shida): "Yaran Katolika na CE1 zuwa CM2 za su je Misa da ƙarfe takwas. Sauran yara za su kasance a azuzuwansu tare da malamansu, suna bitar lissafi." Wannan tsarin ya dace da koyarwar Cocin kanta, domin babban taron Vatican na biyu ya bayyana a 1965 cewa Coci tana duban Musulmi da girmamawa, ya kuma ce ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Jibin Ubangiji kuwa, wato gurasar da ake karɓa a Misa, na waɗanda aka yi wa baftisma ne kuma aka shirya su, don haka idan ana maganar karɓar Jibi na farko, wanda tun dokar Fafaroma Pius na 10 ta 1910 ake ba yara daga wajen shekara bakwai, dole takardar ta fito fili cewa al'amarin na iyalan Katolika ne kaɗai.

Akwai kuskuren da ke kishiyar wannan, kuma masu kyakkyawar niyya ne suka fi faɗawa cikinsa, wato share duk wata maganar addini daga takardar don gudun abin da zai je ya dawo. Wanda ya tuna ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, zai fahimci inda wannan taka-tsantsan ya samo asali. Sai dai shirun ba ya kare kowa. Iyayen Kirista sukan rasa ranar rajistar katekisim, iyayen Musulmi kuma sukan ji labarin daga bakin yaro ɗan shekara shida wanda ya ga abokinsa ya fito daga coci da toka a goshi ranar Larabar Toka bai san dalili ba. Abin da aka rubuta a sarari kuma aka sa masa hannu ya fi abin da yaro ya kawo gida a guntule. A ganina, makarantar da ta ware wa sha'anin ibada gurbinsa na dindindin a cikin takardar, a ƙarƙashin kanun da kowa ya saba gani, ta fi samun amincewar ɓangarorin biyu fiye da wadda ke ɓoyewa wannan makon ta bayyana a mako mai zuwa.

Daga nan sai batun ranaku, inda lalaci ya fi yin ɓarna. Ana buɗe takardar bara a kwamfuta, a canza shekara, a buga. Kirsimeti ba ta motsawa daga 25 ga Disamba, amma Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu: ta faɗo 31 ga Maris a 2024, 20 ga Afrilu a 2025, sannan 5 ga Afrilu a 2026. Larabar Toka, wadda ke buɗe azumin Kirista na kwana arba'in, tana zuwa kwana 46 kafin Ista, kuma Lahadin Dabino da Jumma'a Mai Tsarki da Fentikos duk suna bin sawunta. Haka ma karatun Linjila na ranar Lahadi yana juyawa cikin shekara uku, shekarar Matiyu, da ta Markus, da ta Luka, kuma sabuwar shekarar Coci tana farawa ne a Lahadin farko cikin huɗun da ke gaban Kirsimeti, ba a watan Janairu ba. Wanda ya kwafo ayar makon daga takardar bara zai sa yaro ya haddace wani abu, ya je coci ya ji wani abu dabam. Maganin shi ne a zauna da Fada, wato limamin cocin, ko malamin katekisim tun farkon shekarar karatu a watan Oktoba, a rubuta dukan ranakun a takarda ɗaya, a manna ta a ofishin direkta. Ranakun Musulunci kuma su shiga wannan takardar, amma da sharaɗinsu. Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi suna matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma ganin wata ne ke tabbatar da su, saboda haka a rubuta "idan an ga wata" a jira sanarwar hukuma, kada makaranta ta yanke ranar hutu da kanta.

Azumi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a shekarun nan azumin Kirista da na Ramadan sun haɗu. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma ta zo 5 ga watan, a 2026 kuwa a mako ɗaya suka fara, tunda Larabar Toka ta faɗo 18 ga Fabrairu. Kuskuren da ake yi shi ne rubuta wa iyaye cewa yara su yi azumi, ba tare da bayani ba. Dokar Cocin Katolika ba ta ɗora wa ɗan firamare azumi ba. Ƙaurace wa nama ranakun Jumma'a na lokacin azumi yana farawa ne daga shekara 14, rage cin abinci a Larabar Toka da Jumma'a Mai Tsarki kuma ya shafi masu shekara 18 zuwa 59. Abin da ake koya wa yaro a wannan lokacin shi ne addu'a, da haƙura da wani ɗan abin marmari, da taimakon mabuƙaci, kuma haka ya kamata a rubuta. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, barin uwa ta ɗauka cewa makaranta ta ce a hana ɗanta ruwa ganganci ne. Ta ɗaya gefen kuma, wasu manyan yaran CM1 da CM2 sun riga sun fara gwada azumin Ramadan, don haka sanya walimar aji da tsakar rana ko gasar guje-guje a waɗannan makonnin yana nuna cewa mai tsara takardar bai dubi ajin da kyau ba. A ɗage walimar zuwa bayan Salla, a mayar da wasannin zuwa sanyin safiya.

Harshe ma yana tauye saƙo. Ana rubuta takardar da Faransanci zalla, a saka ta a jakar ɗan CI, wato ɗan aji ɗaya, a ɗauka an gama. Iyaye mata da yawa, waɗanda su ne ke shirya yaro da safe, ba sa karanta Faransanci, kuma takardar takan kwana uku a ƙasan jaka ta cuɗe da garin alli da ɓawon gyaɗa. Tun da kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya da aka kafa a Nijar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba a da wani dalilin jin nauyin sanya Hausa kusa da Faransanci a takardar makaranta. Abin da ya fi aiki shi ne a rubuta muhimman abubuwa da harsunan biyu, sannan wani malami mai bayyanannen lafazi ya karanta su da murya cikin minti ɗaya ko biyu, a tura wa iyaye ta WhatsApp. Rana da ƙarfe da wuri su zo a sama, kafin gaisuwa mai tsawo da nasiha. A kuma haɗa ƙarfe da lokacin da mutane suka sani, kamar "ƙarfe biyar, bayan la'asar", a guji sanya taron iyaye a lokacin sallar Jumma'a ko safiyar Lahadi.

A wajen kuɗi akwai wani tarko da kowane ɗan Nijar ya sani amma ake mantawa da shi idan an zo rubutu. Mu da dala muke lissafi. Idan takarda ta ce a kawo 500 F, mai karantawa da murya kuma ya ce "ɗari biyar", uwar da ta ji za ta fahimci jaka biyu da rabi, domin 500 F a bakin kasuwa dala ɗari ce. Sai ta ƙi aiko yaron ranar, ko ta zo ofis ranta a ɓace tana cewa, "Mushe, yanzu don Allah kuɗin fenti ne har jaka biyu da rabi?" A rubuta adadin da lamba, a biyo shi da yadda ake faɗinsa: 500 F, wato dala ɗari. Wani kuskuren kuma shi ne haɗa kuɗin makaranta da sadaka a layi ɗaya. Kuɗin karatu wajibi ne, amma tarin da ake yi lokacin azumi domin marasa lafiya ko marayu na ganin dama ne, kuma dole a faɗi hakan, a faɗi inda za a kai shi, ko ta hannun coci ko ta CADEV, ƙungiyar agajin Katolika ta Nijar, sannan bayan Ista a dawo a faɗi nawa aka tara. Makarantu da dama suna yin roƙon, kaɗan ne ke dawowa da lissafin.

Sunayen yara da hotunansu abu ne da ake wasa da shi fiye da kima. Jera sunayen waɗanda iyayensu ba su biya ba, ko waɗanda suka zo na ƙarshe a jarrabawa, tozarci ne da ba ya kawo ko dala, kuma maganar bashi ta direkta ce da uban yaro a ofis. Hoton yaro kuma ba a yaɗa shi sai da yardar iyayensa, musamman hoton da aka ɗauka a wurin ibada, domin hoton yarinyar Musulma tsaye kusa da masu waƙar Kirsimeti zai iya zuwa hannun dangin da ba su san yadda abin ya kasance ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017. A nemi izini a rubuce lokacin rajista, a ajiye jerin waɗanda suka ƙi.

Sai abin da ake cika takardar da shi. Sau da yawa akan kwafo labarin waliyyin mako daga intanet, dogo, cike da sunayen garuruwan Turai da yaro bai taɓa ji ba. Kalandar Coci tana da mutanen da suka fi kusa da mu: Kizito, yaro ɗan wajen shekara 14 da aka kashe tare da Charles Lwanga a Yuganda a 1886, waɗanda ake tunawa da su 3 ga Yuni, da Josephine Bakhita ƴar Darfur wadda aka sayar baiwa tana ƙarama, ranarta 8 ga Fabrairu, da Charles de Foucauld wanda ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasset har mutuwarsa a 1916. Layi huɗu a kan ɗayansu sun wadatar. Haka nan takardar kada ta zama ta masu zuwa na ɗaya da manyan baƙi kaɗai. Ajin da ya share fili, da malamar da ta haihu, da ta'aziyyar kakan wani yaro, Musulmi ne ko Kirista, da barka da Salla a makon Salla kamar yadda ake barka da Kirsimeti, duk labarin makaranta ne.

Yawancin waɗannan kurakuran suna wucewa ne saboda mutum ɗaya ke rubutawa, shi ke dubawa, shi ke bugawa, galibi a gurguje ranar Jumma'a. Ya fi kyau a gama rubutun ranar Laraba, malamin katekisim ya duba ranakun Coci, wani daga ƙungiyar iyayen yara, zai fi kyau Musulmi, ya karanta da idon gidan da ba na Kirista ba, direkta ya sa hannu, takardar ta fita ranar Alhamis domin mai tambaya ya sami ofis a buɗe washegari. Idan duk da haka rana ko adadi ya fita ba daidai ba, a aika gyaran a ranar ta hanyar da kuskuren ya bi, a rubuta tsohuwar ranar da sabuwar kusa da juna, kuma malaman aji su maimaita wa yara kafin a tashi.