Yadda za ka kama kalmomin Turanci masu tafiya tare kafin jarrabawar digiri na biyu

Ƙanena mai shirin fita karatu, kafin ka sayi littafin share fage a Sabon Gari, duba shekarar da aka buga shi. Tsohuwar GMAT, jarrabawar neman shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, tana da sashen gyaran jimla, inda ake ja layi a ƙarƙashin wani yanki a ba ka zaɓi 5. Sabon tsarin da ya fara a ƙarshen 2023 ya cire sashen, tsohon kuma aka daina shi a farkon 2024. Amma kada ka saki jiki. GRE, wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu, tana da insha'i na minti 30, mai duba rubutun IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, kuma yana lura da yadda ka haɗa kalma da kalma, kuma akwai maki a kai.

Abin da nake nufi shi ne kalmomin da Turanci ya ɗaura wa aure, babu ƙa'idar da za ta gaya maka dalili. Ana cewa capable of, amma able to. Ana cewa prohibit from, amma forbid to. Regard tana jan as a bayanta, consider kuwa a jarrabawa ita kaɗai take tsayawa. Prefer da to take tafiya, ba da than ba.

Inda ɗalibanmu na Kano suka fi faɗuwa shi ne dogaro da kunne. Tun muna firamare muke jin discuss about, comprise of, emphasize on, a ofis, a rediyo, har daga bakin manyan da muke ganin girmansu. Kunne ya saba, sai kuskuren ya yi masa daɗi, daidai ɗin kuma ya ji kamar an yanke wani abu. Duk ukun nan ba sa buƙatar ƙarin komai: discuss the matter, shi ke nan. Yana min ciwo in ga yaro mai ƙwaƙwalwa, ya gama BUK da sakamako mai kyau, ya rasa maki a kan about guda ɗaya bayan an biya masa kuɗin jarrabawa da dala.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Nemi ƙaramin littafin rubutu da zai shiga aljihun riga. Duk haɗin da ka ci karo da shi, kada ka rubuta shi tsurarsa, rubuta cikakkiyar jimla a kan rayuwarka: ɗan'uwanka, Kantin Kwari, cunkoson Ƙofar Nassarawa. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford, yana nuna ƙaramar kalmar da ke bin kowace aikatau, ka duba can kafin ka rubuta. Bayan sallar Asuba ka karanta jimla 10 da ƙarfi, domin kunnen da ya ɓaci, shi za a gyara.

In ka ci karo da tambayar gyaran jimla a tsohon littafi ko wata jarrabawar, kada ka fara da farautar haɗin kalmomi. Fara da ma'ana, sannan ka duba ko aikatau ta dace da mai aikin, sannan daidaiton ɓangarori: abin da ya biyo bayan not only, irinsa zai biyo bayan but also. Galibi zaɓi 2 za su rage, a nan ne littafin aljihunka zai raba gardama.