Yadda ake saita tsarin kwanan wata a PostgreSQL don ya dace da Gana

A wani shagon atamfa da nake riƙe wa lissafi a Aboabo, Kumasi, wata Hajiya ta biya bashinta ranar 6 ga Maris, ranar bikin 'yancin kan Gana. Yaron shago ya shigar da 06/03, amma kwamfuta ta ɗauka 3 ga Yuni ce. Da muka duba lissafin Maris ba mu ga kuɗinta ba, har muka aika mata. Ta zo da rasit a ƙulle a bakin zane, ta ce, "Malam, ni za a bi bashi sau biyu?" Na ji kunya ƙwarai.

Ga inda gizo ke saƙar: mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa kuwa wata, kuma sau da yawa PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, kan zo da tsarin Amurkawa.

Da farko, buɗe psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni a ciki, ka rubuta:

SHOW datestyle;

In ka ga "ISO, MDY", to wata ne a gaba, domin MDY na nufin wata, rana, shekara. Kashin farko shi ke faɗin yadda sakamako zai fito, na biyu kuma yadda za a fahimci abin da aka shigar. Gyara shi haka, ka sa sunan rumbun bayananka a madadin "shago":

ALTER DATABASE shago SET datestyle TO 'ISO, DMY';

Yanzu 06/03/1957 zai shiga a matsayin 6 ga Maris, ya fito 1957-03-06. Mai son ganin 06/03/1957 sai ya zaɓi 'SQL, DMY'. Ni dai na fi son ISO, don ko wa ka tura wa rahoton ba zai juya shi ba. Kada ka tsaya ga umarnin SET kaɗai ba tare da ALTER DATABASE ba, domin da ka rufe psql gyaran ya tafi.

Sai lokaci:

ALTER DATABASE shago SET timezone TO 'Africa/Accra';

Daga nan ka fita ka sake shiga, domin gyaran sai a sabon zama yake kamawa.



Abin da aka riga aka shigar a juye ba zai gyaru da kansa ba. Ranakun 1 zuwa 12 su ne abin zargi, tunda 25/03 da ma kwamfutar ƙin karɓa take yi. Ɗauko littafin rasit, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.