Idan Tafiya Ta Kai Ka Turai: Yadda Za Ka Kalli Baje Kolin Tsofaffin Motoci Ba Tare da Ka Yi Asarar Wuninka Ba

Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana jan Peugeot 504 wagon tsakanin Zariya da Kano. A Tudun Wada muke, kuma tun tsayina bai kai in leƙa cikin bonet ba ake ɗora ni a kan bulo in riƙe masa tocila idan kafireto ta toshe da asuba. Shi ya sa da wani aiki ya kai ni Faris a watan Fabrairu, abokan tafiyata suka nufi hasumiyar Eiffel, ni kuwa na nufi Porte de Versailles, inda ake baje kolin tsofaffin motoci mai suna Rétromobile, wanda ake yi tun 1976. Ranar farko na yi ta shirme. Sai a rana ta biyu na gane yadda ake kallon abin.

Shirmen kuwa shi ne na shiga da niyyar ganin komai. Motoci ne ɗaruruwa, kowacce tana sheƙi kamar amarya, ga fitilu, ga cunkoso. Kafin awa biyu idona ya gaji, wayata ta cika da hotunan motocin da ko sunansu ban riƙe ba. Don haka kafin ka bar gida, ka zaɓi mota ɗaya da ka sani ciki da waje, ka tafi da ita a ranka. Ko Fijo ce, ko Marsandi irin ta alhazan da, ko a-kori-kurar da ke kai buhunan masara kasuwar Sabon Gari. Ita za ka fara nema, daga gare ta za ka riƙa auna sauran.

Ni dai 504 na nema. An fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da siffarta. Mu nan mun san ta ne ta hanyar masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina. Abin da ban taɓa gani da idona ba shi ne 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, wadda suke kira Coupé. Na same ta a wani lungu, gajeriya, mai dogon hanci, kujerunta na fata ko tsaga babu. Da aka buɗe bonet sai na ga kamar na dawo gida: na san inda lagireto yake, na san inda ake duba mai, na san abin da Baba zai fara taɓawa. Na fi minti arba'in a gabanta, kuma abin da na koya a wurin ya fi na duk yawon ranar farko. Irin wannan mai ƙofa biyun, mai injin V6, ita ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1978, bayan mai ƙofa huɗu ta ci a 1975. Ashe ba direbobin tasha kaɗai suka san ƙarfin ƙashinta ba.

Yanzu batun shiri. Ranakun baje kolin suna ɗan motsawa kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu, don haka ka duba shafinsu kafin ka yanki tikitin jirgi. Bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da ita, ana iya nemanta tun wata shida kafin tafiya, kada ka bari sai ƙurarren lokaci. Tikitin shiga ka saya ta intanet, ka ajiye hotonsa a waya, ka huta da dogon layi. Idan da hali ka je a ranar aiki, da safe, domin Asabar da Lahadi sai ka ga ƙeyar mutane fiye da yadda za ka ga mota. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 12 yana tsayawa a Porte de Versailles, bakin ƙofar wurin, kuma ya fi tasi araha nesa ba kusa ba.

Sanyi kuwa, kada hunturun Samaru ya ruɗe ka ka ce ka saba. Na can da danshi yake zuwa, har cikin ƙashi. Amma cikin zauren da ɗumi, saboda haka ka sa kaya hawa-hawa yadda za ka iya cire na sama. Ni da takalmin zuwa ɗaurin aure na je, sabo fil, kafin La'asar ina ɗingishi. Ka sa wanda ƙafarka ta saba da shi. Ka kuma lura rana gajeriya ce a wannan lokaci, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa, sai ka tsara sallarka ta matafiyi tun daga masauki. Abincin ciki da tsada, kuma sai ka yi tambaya kafin ka ci, ni dabino da ruwa na riƙe a jaka, da na fito na nemi gidan abincin 'yan Maroko.

Sai doka mafi girma: ba a taɓawa. Mu a garejin Kwangila idan mota ta burge mutum sai ya ɗan bubbuga bodinta da yatsa ya ji kaurin ƙarfe. Hannuna ya riga tunanina, na kai shi kan wata tsohuwar Citroën DS, wadda tun fitowarta a 1955 ake maganar yadda take ɗagawa da sauka da ƙarfin mai. Ban kai ga bubbugawa ba wani dattijo ya yi gyaran murya, ya nuna mini igiyar da na tsallake ban sani ba. Kunya ta kama ni har kunne. Ka tura hannuwanka aljihu, ka juyo da jakarka gaba kada zik ya karci fenti. Idan kana son ganin ciki, ka gaishe da mai ita tukuna. "Bonjour" ɗaya tana buɗe ƙofa, kuma yawancinsu dama jira suke a tambaye su. Dattijon nan da ya tsawata mini, da na nuna masa hoton wagon ɗin Baba da kaya a sama har sun fi motar tsayi, sai ya kira abokinsa ya zo ya gani.

Motocin samfuri kuma kallonsu daban ne. Waɗannan su ne waɗanda kamfani ke ƙera guda ɗaya ko biyu, ba don sayarwa ba, sai don ya nuna inda tunaninsa ya dosa, ya kuma ji abin da jama'a za su ce. Ana ɗaukar Buick Y-Job ta 1938 a matsayin ta farko a wannan layi. Wasunsu ko tafiyar kirki ba sa yi, turawa ake yi a hau da su dandamali. Kada ka ɓata lokaci kana tambayar nawa ne, ko kana lissafin yadda za ta tsallake ramukan hanyar Funtuwa. Ka dubi fitilu, da gaban direba, da yadda aka yanka gilashi, domin su ne guntayen da ke ɓullowa a motocin kasuwa bayan wasu shekaru. Ni tsofaffin samfura sun fi ba ni nishaɗi, don a nan kake ganin yadda mutanen jiya suka yi zaton yau za ta kasance. Citroën Karin ta 1980 siffar dala gare ta, direba a tsakiya, fasinja ɗaya dama ɗaya hagu. Har yau ba mu kai can ba. Ita kuwa Peugeot e-Legend da aka nuna a 2018, mai lantarki, daga 504 Coupé aka ɗauko kamanninta, kuma ba a fito da ita kasuwa ba. Idan sababbin samfura ne burinka, babban baje kolin motoci na Faris, wanda ake yi a Oktoba duk bayan shekara biyu a wannan fili, ya fi dacewa da kai. A Italiya kuma akwai na Villa d'Este a bakin tafkin Como, a watan Mayu, mai haɗa tsofaffi da samfura, wanda asalinsa ya koma 1929.

Akwai ɓangaren gwanjo, ka leƙa ko don labari. A 2016 an sayar da wata Ferrari ta 1957 a kan Yuro miliyan 32 a gwanjon Rétromobile. Kada ka ji tsoron sosa kai don gudun a ɗauka ka yi tayi, sai wanda ya yi rajista ake karɓar tayinsa.

Awa ɗaya ta ƙarshe ka bar wa masu tebur, 'yan kayan gyara da tsofaffin littattafan mota da ƙananan motocin wasa. Nan ne ya fi kama da kasuwarmu, har ciniki ana ɗan taɓawa, kuma kuɗi a hannu ya fi kati amfani. Ka zo da lambar abin da kake nema a rubuce, don yare ba zai taimake ka ba. Ni tambarin zaki na ƙarfe na samu, irin na gaban 504, ɗan ƙarami da zai shiga aljihu ba tare da ya ƙara nauyin kaya ba.

Da na dawo Zariya na kai wa Baba, na zauna ina nuna masa hotunan mai ƙofa biyun. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ja hoton ya faɗaɗa wajen tayar baya.

Na ce, "Baba, ka ga yadda suka adana ta?"

Ya ce, "Na gani. Amma wannan ko buhu ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba." Sai ya miƙo mini wayar, ya jefa zakin a aljihun gaban rigarsa.