Kore da ruwan zinari a bikin Waliyyi Patrik: inda masu ado ke yin tuntuɓe

Ranar 17 ga Maris ce mutanen Ailan ke bikin Waliyyi Patrik, kuma mai haɗa katin gayyata ko adon ɗaki don ranar yakan ɗauka kore ko wane iri ne ya wadatar. Sai ka ga an zuba tsanwa mai kashe ido, irin wadda ake rina kogin birnin Shikago na Amurka da ita tun 1962. A kan ruwa tana burgewa, a kan takarda kuwa rubutu ɓacewa yake yi. Gyaran shi ne a shimfiɗa algashi mai duhu a ƙasa, a bar tsanwar ta leƙo a gefe-gefe.

Ruwan zinari kamar gishiri yake a miya. Bakin zane da kan rubutu sun ishe shi. Kada kuma a musanya shi da ruwan ɗorawa, domin zinari yana da ɗan ja-ja a cikinsa, shi ya sa yake zama daram a kan kore mai duhu, kamar garayar nan ta tsohuwar koriyar tutar 'yan kishin ƙasar, wadda har yau hotonta ke kan kwabban yuro na Ailan.

Babban kuskuren dai a tutar Ailan ta yanzu yake. Da yawa suna cewa kore, fari da zinari ce, alhali tsarin mulkin 1937 ya ce kore, fari da ruwan goro. Ba wasa ba ne wannan: ruwan goron na Furotesta ne, magoya bayan Wiliyam, wani tsohon sarkin Ingila, koren na 'yan kishin ƙasa ne, galibinsu Katolika, farin kuma sulhu ne a tsakani. Wanda ya sa zinari a gurbin goro ya fitar da ɓangare guda daga rumfar ke nan bai sani ba. A kuma lura koren ne ke jikin sanda. In aka juya ta, tutar Kodebuwa aka ɗaga.

Shamrok, ɗan tsiron da ke alamta Ailan, ganyensa uku ne, kuma an ce da shi Patrik ya yi wa'azin Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku. Mai ganye huɗun nan alamar sa'a ce kawai, a cire shi.

In koren ya cika wuri har ya gundura, a sirka da shuɗi mai duhu, babu wanda zai ce an kauce: tutar shugaban ƙasar ma garayar zinari ce a kan shuɗi.