Babi na Shida: Awon Suga da Na'ura a Gida

Iyayena da 'yan uwana, wannan babin ya fito ne daga abin da na gani a ajinmu na bayan Isha'i a nan Shara Mansur. Da wuya ka shiga gida a Makka ba ka tarar da mai ciwon suga ba, wanda Larabawa ke kira sukkari. Da yawa 'ya'yansu sun sayo musu na'urar awo a saidaliyya, wato kantin magani, amma tana nan cikin kwali kamar kayan lefe. Hajiya, ba sai kin iya Turanci ba. Lamba biyu ko uku kacal za ki karanta, kuma kin riga kin iya su tun a babi na biyu.

Darasi na 1: Kayan aiki

Buɗe jakar. Abu huɗu ne a ciki: na'ura mai fuskar gilashi, alƙalamin huda, ƙananan allurai, da gwangwanin tsinken awo, wanda mai saidaliyya ke kira shara'iɗ. Taɓa kowanne, ka faɗi sunansa da ƙarfi.

A bakin kowane tsinke an shafa wani sinadari da ke kama sugan jini, wato gulukos. Da sun haɗu sai wata 'yar wutar lantarki ta tashi, na'ura ta auna ta, ta mai da ita lamba. Suga da yawa, lamba babba. Kakanninmu da tururuwa suke ganewa, in ta taru inda mutum ya yi fitsari. Yanzu ɗigon jini ɗaya ya isa.

Amma riƙe wannan: na'ura ba ta san inda sugan ya fito ba. Na jini ne, na dabinon da ya manne a yatsa ne, duk ɗaya ne a wurinta.

Darasi na 2: Wanke hannu

Kafin ka taɓa komai, wanke hannu da sabulu. Ka ɗauraye. Ka goge da tawul mai tsabta har ya bushe ƙayau.

Wata dattijuwa a ajinmu ta auna, lamba ta haura 300, ta fara salati tana neman a kira ɗanta. Na tambaye ta me ta taɓa. Ashe dabino ta raba wa jikoki. Ta wanke da sabulu, ta busar, ta sake aunawa, sai ga lamba ta sauko ƙasa da rabin ta farko. Da ta ƙara magani a kan lambar farko, da a asibiti ta kwana.

Wasu suna ce mini, "Malam, ai ina da alwala." Allah ya karɓa. Amma bayan alwalar ka sha shayi, ka ɓare lemo, ka gutsuri burodin tamis da zuma. Alwalar azahar ba ta wanke dabinon la'asar. Sabulu, ruwa, tawul.

Kuma kada a huda jiƙaƙƙen yatsa. Ruwa yana tsinka jini, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Hannu mai danƙon zaƙi yana ƙara lamba, jiƙaƙƙen hannu yana rage ta. In da maganin goge hannu mai barasa ka yi amfani, jira ya bushe, ko da yake ni sabulu na fi yarda da shi. Kada ka ji kunya in ka manta, kowa ya taɓa mantawa. Koma ka wanke.

Ka wanke? Ya bushe? To, yanzu zura tsinke cikin na'ura ta wajen da ke da zanen ƙarfe, za ta kunna kanta. Rufe gwangwanin nan take. Sa sabuwar allura a alƙalami, ka huda gefen yatsa, ba tsakiyarsa ba, gefe ya fi sauƙin zafi. Kada ka matse yatsan kamar mai tatsar akuya. Kai bakin tsinke ga ɗigon, zai zuƙe da kansa. Allurarka taka ce kai kaɗai, ko matarka kada ta yi amfani da ita, don ciwon hanta yana bin jini.

Darasi na 3: Karanta lamba

Lamba daga hagu ake fara ta, ba kamar rubutun Larabci ba. Riƙe na'urar daidai, don in ka juya ta kai ƙasa, 109 zai koma 601.

Mai lafiya in ya tashi da safe bai ci komai ba, lambarsa tsakanin 70 da 99 take. Mai ciwon suga galibi likita yana so ya gan shi tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 bayan awa biyu da ci. Ƙasa da 70 suga ya faɗi: sha rabin kofin lemo mai zaƙi ko ka ci dabino uku, jira minti 15, ka sake aunawa. Kuma tunda ka taɓa dabino, me za ka yi kafin awo na biyu? Wanke hannu. Busar. Nan ne kuke faɗuwa kullum, sau nawa zan faɗa? Sati uku muna kan abu ɗaya, jiya ma sai da na kama dattijo guda yana lasar yatsa wai ya tsabtace shi. Haba, Alhaji!

In haruffa biyu suka fito maimakon lamba, LO ya yi ƙasa ƙwarai, HI ya yi sama ƙwarai. A tafi asibiti. Mai azumi kuma, in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, likitoci sun ce ya karya azumin.

Darasi na 4: Ajiya

Zafin Makka yana kashe sinadarin tsinke. Kada a bar gwangwani a mota ko kusa da murhu. Duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin gwangwanin.

Darasi na 5: Maganin ƙwayoyin cuta

Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da dangin suga aka gina su. Sitireftomaisin, wanda aka gano a Amurka a 1943, shi ne maganin tarin fuka na farko da ya yi aiki, kuma yana cikin irin waɗannan magungunan, shi da allurar jentamaisin. Ba sugan shayi ba ne, kuma in aka yi ganganci da su suna taɓa kunne da ƙoda. Tun 2018 hukumar lafiya ta Saudiyya ta tsananta hana sayar da maganin ƙwayoyin cuta ba da takardar likita ba, don haka kada a je ana roƙon mai saidaliyya. Miki a ƙafar mai suga na likita ne. Zazzaɓi da ƙurji suna ɗaga suga, sai a ƙara yawan awo.

Aikin gida: auna safiya uku a jere, rubuta rana da lamba a littafinka, ka kawo ranar Asabar. Za a fara da duba hannu.