Yadda za ka kafa na'urar tafin hannu a ƙofar ma'aikata

Shekara uku ina riƙe da rajistar ma'aikata a wata masana'antar shinkafa, kuma da wuya a wayi gari wani bai sa wa abokinsa hannu ba. Muka kawo na'urar dangwale, sai hunturu ya kwance mana zani a kasuwa: yatsun masu ɗaukar buhu duk sun faffashe, na'ura ta ƙi gane su, layi har bakin titi. Dalilin komawarmu ta tafin hannu ke nan.

Ita wannan jijiyoyin cikin tafi take karantawa. Tana haska wani haske da ido ba ya gani, jinin jijiya ya shanye shi, sai tsarin jijiyoyin ya fito baƙi a hoto. Kanta ko kaushi ba su cika damunta ba, kuma ba a taɓa ta. Bankunan Japan sun fara amfani da ta kamfanin Fujitsu tun 2004. Sai dai wasu da ke kasuwa zanen fata kawai suke ɗauka, don haka ka tambayi mai sayarwa ƙarara wacce ce ya kawo maka. Kafin ka biya, ka sa mai lalle da mai maiƙon injin a hannu su gwada a gabanka.

Wurin kafawa shi ne rabin aikin. Kada ta fuskanci rana, domin hasken rana yana rikita ta. Tamu sai da muka ciro ta daga bangon gabas muka mayar cikin rumfa. Ka kafa ta daidai ƙirjin matsakaicin mutum, ka riƙa goge gilashin kullum saboda ƙura.

Wajen rajista, ka ɗauki hannu biyu na kowa. Ran da ɗaya ya ji ciwo aka naɗe shi, ɗayan zai yi aiki. Ka koya musu buɗe yatsu, su tsayar da hannu cak, ban da kaɗawa kamar mai bankwana.

A nan kuma kada ka yi ganganci: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa irin waɗannan bayanan jiki cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ka yi wa ma'aikata bayani, ka karɓi amincewarsu a rubuce, wanda ya bar aiki kuma ka goge nasa.

Sauran ƙanana ne. Ka haɗa ta da batiri, ka tabbata ƙofar tana buɗuwa daga ciki ko da an ɗauke wuta. Ka saita lokacin Juma'a da na azumi tun farko. Mu mun manta, sai ƙarshen wata manhaja ta nuna kusan kowa ya gudu daga aiki sau huɗu, na kwana biyu ina gyarawa da hannu kafin a biya albashi.