Masu lambu a Jos, a kula da ƙarshen damina

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Daga Agusta zuwa Satumba ruwa ba ya sassautawa a Jos, ga sanyi ga danshi, yanayin da cutar ƙonewar ganye ke so ke nan. Ita ke cinye dankalin Turawa a Bokkos da Mangu, tumatir ma ba ta ƙyale shi.

In dankalinka ya ƙosa, kada ka yi gaggawar tono. Fara sare ganyen duka ka fitar da shi daga gona, ka bar dankalin a ƙasa kwana 10 zuwa 14. Ɓawonsa zai yi ƙwari, cutar da ke jikin ganye kuma ba za ta bi shi ba lokacin tono. A tona ranar da ƙasa ta tsane. Don Allah kada a wanke, wasu na yi don ya yi kyan gani, amma ruɓa suke gayyata. A shanya a inuwa, rana na mai da shi kore. Wanda fartanya ta sara a ware a ci a gida, guda ɗaya na iya lalata buhu.

Kabeji kuwa, yawan ruwa ke fasa kansa. In kasuwa ba ta yi ba tukuna, kama kan kabejin ka ɗan murɗa, jijiyoyi su tsinke kaɗan, zai rage shan ruwa.

Tumatir a tsinke da zarar ya fara ja, zai ƙarasa nuna a kwando kafin a kai kasuwar Farin Gada. Mai fesa maganin Mancozeb ya duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin ledar kafin ya ɗiba.